Kai tsaye ko naɗaɗɗe? Muhawarar masu gidajen gem kan yadda ake fito da sabon inji

Sani Gem, Ringim: Salamu alaikum 'yan uwa, ya kasuwa ya zafi. Akwai maganar da nake so mu baje ta a nan don na san akwai waɗanda suka fi ni sanin harkar. Kun lura kuwa kamfanonin gem duk sun gudu daga dandamali? Da can in za a fito da sabon inji sai a tara mutane a babban zaure, shugaban kamfani ya fito da ƙafarsa ya tsaya gaban jama'a ya faɗi kuɗi da bakinsa, a ɗauki fad a buga gem ɗin kowa na gani, in ya yi kyau a tafa in bai yi ba zaure ya yi tsit. Yanzu kuwa sai a naɗi bidiyo a ofis a tace shi tas a sako mana a YouTube. Nintendo ce ta fara da Direct ɗinta tun 2011, Sony ta biyo da State of Play a 2019, shi kansa taron E3, babban baje kolin gem na Los Angeles da ake jira duk shekara, an sanar da rufe shi gaba ɗaya a Disambar 2023. Ni dai a ganina an cuci mai saye, kuma mu da muke cin abinci da injinan nan mu abin ya fi shafa. Ko ba daɗe ko ba jima wani sabon PS, wato PlayStation ta Sony, zai fito, ina so in ji ta bakinku, kai tsaye ko naɗaɗɗe?

Auwalu Mai Caji, Ɓaɓura: Wa alaikumus salam. Yaya Sani ni kam ban yarda an cuce mu ba, taimakonmu ma aka yi. Kai tsayen nan wa yake iya kallonsa a cikinmu tsakani da Allah? Nan garinmu da magariba ta yi sabis sai ya kwanta, bidiyo na minti biyu ma sai ya yi ta juyawa balle taron awa biyu da rabinsa tafi ne da surutu da gaishe-gaishe, datarka na ƙonewa kana kallon wani yana yawo a kan dandamali. Naɗaɗɗe kuwa an cire duk wani ɓata lokaci, mutum ɗaya ya sauke da tsakar dare ya tura wa kowa ta Xender, shi ke nan an gama.

Nazifi, Gwaram: Ga kuma lokaci. Taron Sony na E3 lokacin da ake yinsa ƙarfe 6 na yamma suke yi a can, mu nan ƙarfe 2 na dare ke nan. Wa zai tada janareta ƙarfe biyun dare saboda talla

Sani Gem, Ringim: Nazifi ƙanina ai ba sai kai ka kalla a lokacin ba. Abin da nake nufi a yi shi gaban mutane masu rai da za su iya nuna ɓacin ransu nan take, ko da kai sai da safe za ka gani. Bambancin ke nan.

Malam Habibu, Gumel: Barkanku da dare. Na karanta duka, kuma Sani yana da hujja mai ƙarfi wadda bai kawo ba tukuna, bari in kawo masa ita don yaranmu irin su Nazifi lokacin suna firamare. A watan Mayun 2013 Microsoft ta nuna Xbox One, aka yi ta maganar kallon talabijin a kai maimakon gem, sannan ta bayyana cewa injin dole ya shiga intanet sau ɗaya a kowace awa 24 in ba haka ba gem ba zai tashi ba, kuma an saka takunkumi kan sayar da tsohon faifai ko ara wa aboki. Ku tsaya ku yi tunanin wannan a shagunanku. Da tsarin nan ya tabbata, kuma sauran kamfanoni suka kwaikwaya, babu ɗayanmu da zai iya buɗe gidan gem a ƙauye, don duk jarinmu a kan injin hannu da faifan hannu yake. Har shugaban sashen Xbox na lokacin, Don Mattrick, da aka tambaye shi waɗanda ba su da intanet fa, sai ya nuna su je su sayi tsohon Xbox 360. Mu ake nufi da wannan maganar ko da bai san da zamanmu ba. To ranar 10 ga Yunin 2013 da safe Microsoft ta hau dandamalin E3 ta ce dala 499, da yamma Jack Tretton na Sony ya hau nasa ya ce PS4 za ta karɓi tsohon faifai, ka sayar ka ara ka ba wanda kake so, ba dole sai ka shiga intanet ba, sannan aka ce kuɗinta dala 399. Zauren ya kaure da ihu da tafi har sai da mutumin ya dakata da magana. Ranar 19 ga wata, kwana tara kacal, Microsoft ta janye dokokin nan. PS4 ɗin da yawancinku kuke ci da ita yau, wannan daren yana cikin dalilan da ya sa take cika kasuwar hannu.

Sani Gem, Ringim: Allah ya ƙara ilimi Malam. Wannan ihun shi nake nufi! Da a naɗaɗɗen bidiyo suka faɗa ina za a ji shi?

Auwalu Mai Caji, Ɓaɓura: Malam a gafarce ni amma ina da ja. Ba tafin zaure ne ya sa Microsoft ta janye ba, mutane ne suka yi ta zuba ƙorafi a intanet tun watan Mayu kuma suka koma yin odar PS4, kuɗi ne ya yi magana. Sannan abin da ya fi yawo a duniya daga wannan daren ai ɗan gajeren bidiyon nan ne da bai kai minti ɗaya ba, inda Shuhei Yoshida, wani babban jami'in Sony, ya miƙa wa abokin aikinsa faifai hannu da hannu don a nuna yadda ake aron gem a PS4. Wannan kuwa naɗaɗɗe ne Malam, ba a dandamali aka yi shi ba.

Malam Habibu, Gumel: Haka ne Auwalu, bidiyon naɗaɗɗe ne. Amma ƙarfinsa daga ina ya samo? Daga zauren. Mutane sun ga dubban 'yan uwansu sun miƙe suna ihu a kan abin da ke damunsu, sai kowa ya san ba shi kaɗai ba ne. Ƙorafin intanet kamfani zai iya cewa 'yan tsiraru ne masu surutu, amma zaure cike da 'yan jarida da dillalai babu yadda za ka ce ba ka ji ba.

Alhaji Ɗanlami, Maigatari: Ni ba ɗan gem ba ne ku kun sani, gidan kallo nake da shi yaran suka matsa na ƙara PS biyu a gefe. Amma ciniki na san shi. Nan kasuwarmu ranar Alhamis babu wanda zai ƙirga kuɗin sa don an nuna masa hoto a waya, sai an kora shi ya yi tafiya a gabansa ya ga ƙafa ya buɗe baki ya ga haƙori. Mai kaya in ya yarda da kayansa ba ya tsoron a gwada a bainar jama'a. To ni tambayata ɗaya, a wannan kai tsayen da kuke faɗa ana kunna injin ne da gaske ko shi ma hoto ake nunawa?

Musbahu Injiniya, Haɗeja: Ranka ya daɗe Alhaji ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Amsar ita ce wani lokaci ana kunnawa wani lokaci hoto ne, kuma a nan nake rabuwa da Sani. A E3 na 2005 a kan dandamali gaban jama'a Sony ta nuna Killzone 2 lokacin tallar PS3, mutane suka rikice don ba su taɓa ganin hoto mai kyau haka ba, daga baya ta tabbata ba a kan injin aka buga shi ba, bidiyo ne aka haɗa na yadda ake fatan gem ɗin ya kasance, shi gem ɗin ma sai 2009 ya fito. Watch Dogs da aka nuna a 2012 kowa ya ga yadda ya rage kyau da ya iso hannu. Duk a zaure aka yi waɗannan ana tafi. Saboda haka tsayawa gaban mutane ba ya hana a yi maka kwalliya, zauren ma wani lokaci shi ke ɗauke maka hankali, kana jin ihu sai ka ɗauka abin ya kai.

Nazifi, Gwaram: Cyberpunk ma ai haka, an kawo jarumin fim Keanu Reeves kan dandamalin Xbox a 2019 ana ta ihu, da gem ɗin ya fito Disambar 2020 a PS4 ko tafiya ba ya yi sosai har Sony ta cire shi daga shagonta na intanet

Sani Gem, Ringim: Injiniya na ji, amma ka faɗi ɗaya gefen ma. A 2015 da ake nuna Uncharted 4 kai tsaye, mutumin cikin gem ɗin ya tsaya cak a tsakiyar kasuwa ya ƙi motsi, dole aka kashe aka sake daga farko duniya na kallo. A 2010 Miyamoto da kansa, wanda ya ƙirƙiro Mario da Zelda, yana gwada sabon Zelda a Wii rimot ɗin ya ƙi bin hannunsa saboda yawan na'urori marasa waya a zauren. Wasu kunya suke gani a nan, ni kuwa wallahi hankalina ne yake kwanciya, don gem ɗin da ya maƙale a gabanka ka tabbata gem ne na gaske ake bugawa a inji na gaske. Naɗaɗɗe ba ya taɓa maƙalewa, in ya maƙale sau goma sai a yanke a saka na sha ɗayan, kai kuma ka je ka zuba kuɗin gonarka.

Musbahu Injiniya, Haɗeja: Wannan gaskiya ne ban musa ba. Amma bari in gaya maka a matsayina na mai buɗe cikin injinan nan kullum, duk tallar PS5 babu abin da ya amfane ni kamar wani naɗaɗɗen bidiyo na kusan minti bakwai da Sony ta saki a Oktoban 2020, wani injiniyansu Yasuhiro Ootori ya zauna a tebur shi kaɗai ya warware injin ƙusa bayan ƙusa. A nan na ga girman fankar, na ga sun sa narkakken ƙarfe a kan furosesa maimakon man da muka saba shafawa, na ga ramuka biyu da aka yi musamman don tara ƙura yadda za ka cire murfi ka zuƙe ta. Ku da kuke fama da ƙurar hunturu da zafin watan Afrilu ku gaya min, akwai bayanin da ya fi wannan muhimmanci a wajenmu? Irin wannan ba ya yiwuwa a dandamali, kyamara tana buƙatar matsowa kusa a tsanake, ni kuma ina buƙatar in tsayar in mayar baya in sake kallo. Haka jawabin Mark Cerny, jagoran tsara PS5, na Maris ɗin 2020, kusan awa guda yana bayanin ma'ajiyar SSD mai giga 825 da saurinta, yara suka ce ya gundure su, ni kuwa darasi na ɗauka. Sannan Xbox 360 an yi mata duk wani biki da ake yi a zaure, wa ya gaya wa mutane zafi zai riƙa kashe ta tana nuna jan zoben fitila a gabanta? Sai a 2007 Microsoft ta ware sama da dala biliyan 1 don gyara ta ƙara garanti zuwa shekara uku. Minti goma a ɗaki mai esi ba ya nuna maka abin da inji zai yi a shagon langa-langa.

Anti Rabi, Kazaure: Sannunku da ƙoƙari. Ni na shigo gurup ɗin nan ne saboda ƙanena da na buɗe wa shago, kuma ina shirin ƙara masa inji. Duk bayanin nan na ji amma ni abin da ya dame ni kuɗi. Wanne ne a cikin biyun suke faɗar farashi ba ɓoye-ɓoye?

Malam Habibu, Gumel: Hajiya Rabi tambayarki ita ce zuciyar maganar. Tarihin dandamali kusan duk tarihin farashi ne. A E3 na farko a 1995 Sega ta ce injinta Saturn dala 399, sai wani jami'in Sony mai suna Steve Race ya hau ya faɗi lamba ɗaya tal, 299, kuɗin PlayStation ta farko, ya sauka, aka ɗauki tafi. A 2006 kuma ita Sony ɗin ce ta tsaya ta ce babbar PS3 dala 599, aka yi ta yi musu tsiya da wannan lambar shekara da shekaru. Wanda ya san zai kalli idon mutane ya faɗi kuɗi dole ya yi tunani sau biyu tun a ofis. Yanzu ki dubi na baya-bayan nan. Nintendo ta yi Direct na Switch 2 ranar 2 ga Afrilun 2025, awa guda cur ana nuna gem, aka tashi ba a ambaci kuɗi ba, sai bayan an rufe mutane suka tsinci dala 449.99 a shafinsu, sabon Mario Kart kuma dala 79.99. A zaure ba na jin za ka iya sauka daga dandamali ba ka faɗa ba.

Auwalu Mai Caji, Ɓaɓura: Za ka iya mana Malam, Fabrairun 2013 a New York Sony ta yi taro kai tsaye na kusan awa biyu a kan PS4, ba ta faɗi kuɗi ba, ko akwatin injin ma ba ta nuna ba sai fad kawai. Kuma shi Switch 2 ɗin washegari sun yi shiri kai tsaye, mutane suka cika wajen sharhi da a rage kuɗi a rage kuɗi, an rage? Ba a rage ba, ya fito 5 ga Yuni aka sayar da sama da miliyan 3.5 cikin kwana huɗu. Ni shi ya sa nake cewa zamanin da ihu ke juya kamfani ya wuce, a ba mu bayani a taƙaice mu lallaɓa datarmu.

Sani Gem, Ringim: Wannan maganar taka ita ce take ba ni tsoro Auwalu, don in muka yarda ya wuce to ya wuce ɗin. Dubi PS5 Pro. Satumban 2024, bidiyon minti tara, a ƙarshe aka manna dala 699.99 a allo, babu wajen saka faifai sai ka saya daban, aka kashe. Babu wanda ya tsaya gaban kowa. Kamfanin da ya sha tafi a 2013 saboda faifai shi ne yau yake zare faifan a hankali, kuma ya zaɓi hanyar da ba zai ji sautin kowa ba. Ita ma Nintendo yanzu akwai katin da za ka saya babu gem a ciki sai ka sauke daga intanet. Mu nan gem ɗaya mai giga 80 ko 100 da wane sabis za mu sauke shi, da wane kuɗin data? Yaro yana zuwa da 'yan canjinsa ya buga ƙwallo wasa biyu, a cikin wannan zan sayi mai in biya haya in gyara fad. Ranar da inji mai faifai ya ƙare a kasuwar hannu sana'ar nan ta koma ta 'yan birni masu waifai, abin da Xbox One ta so yi da rana tsaka shi ake yi mana yanzu a cikin bidiyo mai kiɗa mai daɗi. Ni ina so a sa mutum ya fito ya faɗe shi da bakinsa gaban jama'a, ko ba a fasa ba a san an ji kunya.

Musbahu Injiniya, Haɗeja: A kan faifai ina bayanka ɗari bisa ɗari Sani. Ni da za a bi tawa, bayanin cikin inji a naɗe shi a tsanake, amma farashi da dokar intanet da gwajin gem a yi su gaban mutane, sannan a bar 'yan jarida su taɓa da hannunsu a wajen. Switch na farko kusan haka aka yi, gajeren bidiyo na minti uku a Oktoban 2016, sai taro kai tsaye a Tokyo a Janairun 2017 aka faɗi dala 299.99 da ranar 3 ga Maris, sannan aka buɗe wa mutane su gwada.

Nazifi, Gwaram: Amma fa shi wannan taron na Tokyo an yi ta ƙorafin tafinta yana daburcewa, kuma mu nan ƙarfe 5 na asuba ne

Alhaji Ɗanlami, Maigatari: Tafinta ya daburce ba komai ba ne ɗana, ɗan Adam ne. An dai faɗi kuɗin ko? To shi ne. Duk ranar da za a nuna sabon in da rai ku sanar da ni da wuri, in lokacin bai ci karo da sallah ko wasan ƙwallo ba zan saka a babban allo, mai kusa ya zo.

Auwalu Mai Caji, Ɓaɓura: Allah ya ƙara arziki Alhaji. Ni dai ina nan kan bakana, amma zan sauke in kawo a fulash ko da sabis ya ƙi.

Anti Rabi, Kazaure: To Injiniya ni yanzu me zan ce wa yaron ya sayo, PS4 ko ya daure ya haɗa kuɗin PS5?

Musbahu Injiniya, Haɗeja: Anti in yaran unguwarku ƙwallo da Mortal Kombat suke bugawa PS4 ta ishe shi, kayan gyaranta sun fi samuwa kuma fad ɗinta ya fi araha. In kuma PS5 ɗin ce to lallai mai wajen faifai. Ko wacce ce, in ya je Sabon Gari kar ya yarda a nuna masa a kwali ko a waya, a jona ta a gabansa a sa faifai ta karanta, ya buga kamar awa guda yana sauraron ƙarar fanka yana taɓa bayanta, ya gwada fad biyu duka, ya duba ko an taɓa ɓalle sitikar baya. In mai shagon ya ce ba wuta ya ce zai biya kuɗin mai a tada janareta, in ya ƙi ya wuce shagon gaba.

Anti Rabi, Kazaure: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ranar Asabar zai shiga Kano in sha Allah, zan ce ya kira ka in ya isa.